Shekara Huɗu Ina Shan Maganin Taifod, Ashe Madara Ce

Ni malamin makarantar firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, a jihar Jigawa, ba nisa da kogin Haɗejiya. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan labari shi ne na san akwai mutane da yawa a karkararmu da ke cikin halin da na shafe shekara huɗu a cikinsa, suna haɗiyar magani iri-iri a kan ciwon cikin da ba su san asalinsa ba, kuɗi na tafiya, jiki na lalacewa, ciwon kuma yana nan inda yake.

Da fura da nono na tashi, kamar kowane yaro a garinmu. Matan Fulani na rugar da ke gabas da mu kan shigo da hantsi da ƙwaryarsu a ka, Inna ta sayi nono ta dama mana da furar gero, mu sha har mu ƙoshi, ban kuwa taɓa sanin ya taɓa mini ciki ba. Wannan ne dalilin da ya sa, da ciwon ya zo daga baya, ko a mafarki zuciyata ba ta kai ga abin da ya fito daga jikin saniya ba.

A shekarar 2017 aka mayar da ni wata makaranta da ke da 'yar tazara da gida, sai ya zama dole in fita tun kafin maiɗakina ta sauke koko. Na saba da tsayawa wurin wani mai shayi a bakin hanya, mutumin kirki mai hannun kyauta, wanda in ya gan ni sai ya ce, "Malam, a ƙara kauri?" ni kuma in ce a ƙara. Yakan juye mini rabin gwangwanin madara a babban kofi, wani lokaci ya ɗora cokali biyu na ta gari a kai, in haɗa da biredi in shanye, in hau babur ina jin na yi karin kumallo irin na mai albashi.

Kafin in gama darasi na farko sai cikin ya fara ƙugi. Daga nan ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, har mazugin wando ya dame ni, sai murɗawa ta taso daga ƙasan cibiya, iska ta cika ni, in rasa yadda zan tsaya a gaban allo. Sau biyu ko uku nakan bar yara in fita da sauri, abin da ke fita kuwa ruwa ne mai kumfa da tsami. Wanda ya san makarantun ƙauye ya san halin da bayan gidansu ke ciki, ya kuma san nauyin da ke kan babban mutum idan ɗalibansa suka fara lura da yawan fitarsa. Zuwa azahar sai komai ya lafa, in koma gida in ci tuwo da dare kamar ba ni ba.

Na fara da kemis, kamar yadda kowa ke yi. Mai kemis bai tambaye ni komai ba ban da kwana nawa na yi, ya ƙirgo mini Flagyl da wasu kafso ya ce in sha na kwana biyar. Na sha, na kuwa ji sauƙi, wannan sauƙin kuma shi ne ya ɓatar da ni tsawon shekaru. Flagyl yana barin wani ɗanɗano kamar na ƙarfe a baki, yana kuma kashe sha'awar abinci, don haka duk kwanakin da nake shansa ba na iya kallon shayi mai kauri, sai in jira kokon gida ko in tafi da ƙosai. Ciki ya zauna lafiya saboda madara ba ta shiga ba, ni kuwa in yaba wa magani. Da zarar na gama, bakina ya dawo, sai in koma teburin mai shayi don in mayar da ƙarfin da na rasa, ciwo ya dawo ranar, in ce ai ƙwayar cutar ce ba ta mutu duka ba.

Da abin ya ƙi ƙarewa aka ba ni shawara in je gari a auna jinina. Sau uku a cikin shekarun nan aka yi mini gwajin da ake kira Widal, sau uku kuma aka miƙo mini takarda aka ce taifod ce. Na sha ƙwayoyi, an yi mini allurai, sau ɗaya har ƙarin ruwa aka yi mini alhali da ƙafata na shiga ina hira. A karo na biyu sai da na sayar da buhun gero daga abin da na ajiye wa iyali, a na uku kuma tunkiyar maiɗakina ce ta tafi. Babu wanda ya tambaye ni ko ina yin zazzaɓi, ni ma ban ga dalilin faɗa ba cewa ko sau ɗaya jikina bai yi zafi ba.

Inna, Allah ya saka mata da alheri, ta kai ga tunanin da uwa kan kai idan asibiti ya gaza. Ta ce ciwon da ke kama mutum a wurin aiki kawai, ya sake shi ran Asabar da Lahadi da lokacin hutu, ba na Allah da Annabi ba ne, sammu aka yi mini a makarantar. Ta nemo rubutu, ta jiƙa saiwoyi, na sha don biyayya. Yau idan na tuna sai in ga cewa a cikinmu duka ita kaɗai ce ta lura da abin da ya kamata a lura da shi, wato ranakun da ciwon ke zuwa da waɗanda ba ya zuwa. Fassarar ce kawai ta kauce, domin ran Asabar da Lahadi a gida nake karyawa da koko.

Damina ta 2021 ce ta nuna mini da idona bambancin ciwona da ciwon cikin da ƙwayar cuta ke kawowa. A shekarar ne annobar amai da gudawa ta mamaye Nijeriya, aka lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa da Kano da Bauchi kuma suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A unguwarmu ta shiga gida huɗu cikin mako guda, dukansu kuwa daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Ƙanena ta kama da tsakar dare. Da magariba lafiya lau muka ci tuwo tare, kafin asuba ya zama wani mutum daban: idanu sun faɗa, murya ta dushe har sai na kai kunnena bakinsa, ƙwaurinsa na ɗaurewa yana kuka, abin da ke fita daga jikinsa kuwa fari ne tas kamar ruwan da aka wanke shinkafa, yana zuba ba tare da ya yi yunƙuri ba. Na kama fatar cikinsa na saki, sai ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Jikinsa ba zafi, sanyi ma ya yi, abin da ya koya mini cewa rashin zazzaɓi shi kaɗai ba ya wanke ciwo daga zama na ƙwayar cuta. Muka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai mu asibitin da aka keɓe wa masu cutar, aka ɗaura masa ruwa a hannu biyu. Allah ya yi da sauran kwanansa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da aka bari har gari ya waye ba ta kai asibitin ba.

A kwana na uku na jinyar na tari jami'in lafiyar da ke kula da su, dattijo ne mai haƙuri wanda kowa ke kira likita. Na ce masa, "Likita, don Allah ka rubuta mini magani mai ƙarfi in sha tun kafin ta kama ni, domin ni dama mai taifod ne, shekara huɗu ke nan cikina bai zauna ba."

Duk da gajiyar da ke fuskarsa sai ya ja benci ya ce in zauna. Ya ce, "Malam, taifod ba ta shekara huɗu tana zuwa da hantsi tana tafiya da azahar." Ya bayyana mini cewa babbar alamarta zazzaɓi ne mai naci da ke ƙaruwa kwana bayan kwana, da ciwon kai da kasala mai kwantar da mutum, har ma wasu masu ita bayan gida ne ke ɗaure musu maimakon gudawa. Game da Widal kuwa ya ce ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jini ya ajiye ce ta haɗuwa da ita, don haka a wuri irin namu da cutar ta yawaita yana iya nunawa a jikin mai lafiya, ko wanda ya taɓa yi ya warke, ko mai zazzaɓin cizon sauro. Tabbaci yana samuwa ne idan an shuka jinin a ɗakin gwaji aka ga ƙwayar ta tsiro.

Sai ya shiga tambayata, tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ko na taɓa ganin jini ko majina a bayan gida? Ko ciwon na tashe ni daga barci? Ko na rame? Ko akwai wani a gidana da ke yin irinsa a lokaci ɗaya da ni, tunda tukunya ɗaya da randa ɗaya muke amfani da su? Duk na ce a'a. Ya ce to me nake ci da iyalina ba sa ci? Na buɗe baki zan ce babu, sai kofin shayin nan ya faɗo mini a rai.

Bai yanke hukunci nan take ba, wannan kuwa ya ƙara mini yarda da shi. Ya ce in sami littafin rubutu irin na ɗalibaina, in raba shafi biyu, gefe ɗaya in rubuta duk abin da ya shiga bakina da lokacinsa, ɗaya gefen in rubuta abin da ciki ya yi da lokacinsa. In bar madara kowace iri ce har mako biyu ba tare da na canza komai ba kuma ba tare da na sha magani ba, sa'an nan in zaɓi ranar da nake gida in sha kofi guda da gangan in ga abin da zai biyo baya. Ya gargaɗe ni kada in bar abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, domin wanda ya bar madara da wake da yaji da mai rana guda, ko ya warke ba zai san wanne ne mai laifin ba.

Da aka koma makaranta na bi maganarsa. Tun a kwana na biyu na koyar da darasi huɗu a jere ban fita ba, gefen dama na littafin kuma ya zauna fari har mako biyun suka cika. Ran Asabar da ƙarfe bakwai da rabi na sa aka sayo madarar gwangwani, na haɗa shayi mai kauri irin wanda na saba, na shanye a tsakar gida maiɗakina na kallona. Ƙarfe takwas da kwata na rubuta ƙugi. Kafin tara na rubuta kumburi da murɗa, da rabi kuma na ɗauki buta. Na maimaita bayan mako guda don kada ya zama dace ne, abin ya sake faruwa kusan a kan lokacinsa. Na daɗe zaune da littafin a hannu ina tuna tunkiyar nan da buhun geron nan, raina na ɓaci, amma wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka, domin a ɓoye na fara tsoron ko wata muguwar cuta ce ke cin hanjina.

Bayanin da likita ya yi mini da na koma shi ne cewa a cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma ƙaramin hanji na fitar da wani sinadari mai suna laktes wanda ke narkar da shi. Kowane jariri mai lafiya yana da shi da yawa, tunda nono ne abincinsa, amma bayan yaye yana raguwa a hankali a jikin mafi yawan mutane, har an ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya haka suke. Sukarin da bai narke ba sai ya wuce babban hanji, ya jawo ruwa, ƙananan ƙwayoyin da ke zaune a can su ci shi su fitar da iska, shi ne kumburin da zawon, galibi tsakanin rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha. Fulani makiyaya suna cikin al'ummomin da yawancinsu suka gaji riƙe sinadarin har tsufa, shi ya sa Bafulatani kan kafa kai a ƙwaryar madarar da aka tatso yanzu ya tashi lafiya, maƙwabcinsa manomi kuwa ya sha rabinta ya wuni yana riƙe da ciki.

Na tambaye shi yadda aka yi nonon fura bai taɓa damuna ba. Ya ce idan madara ta kwana ta yi tsami ta zama kindirmo, ƙwayoyin da suka tsamar da ita sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taimakawa wajen narkar da sauran, man shanu kuwa kusan babu sukarin a cikinsa. Madarar gwangwani ita kuma an ƙafe ruwanta ne, don haka sukarin da ke cikin rabin gwangwani ya kusa na cikakken kofin madarar saniya, ga ta gari da ake ƙara mini, ga shi kuma ciki babu komai. Abin na yawa ne, yawancin masu irin jikina suna ɗaukar kaɗan, musamman tare da abinci. Ya kuma raba mini shi da borin jinin da madara kan jawo wa wasu, wanda shi ko ɗigonta ne yana iya sa ƙaiƙayi da kumburin leɓe da toshewar numfashi, kuma shi wannan gaggawa ce ta asibiti.

Inna ta daɗe ba ta yarda ba. Ta ce, "Yaro, madara albarka ce, abin da ake sha a roƙi Allah ya ƙaro, yaya za ta zama cuta?" Na ce, "Inna, ba cuta ba ce, cikina ne ba ya iya ɗaukarta da yawa." Sai da ta ga wata uku sun wuce ban je kemis ba sa'an nan ta daina jiƙa saiwoyin.

Akwai kuskure na biyu da ya wajaba in faɗa, domin ya fi na farko haɗari. Da na gano madara sai na shiga ɗora mata kowane motsin ciki. A damina ta 2022 ambaliya ta ci ƙasar Ringim da wasu sassa da yawa na Jigawa, ruwa ya shafe gonaki, ya haɗe masai da rijiyoyi. Kwanaki kaɗan bayan ruwan ya fara janyewa cikina ya ɓaci, sai na ce wataƙila akwai madara a wani kunun da na sha a gidan suna. Amma wannan ciwon ba irin wancan ba ne, kuma da na tsaya na duba littafina da na gani. Bai lafa da azahar ba, ya riƙa tashe ni cikin dare, ina jin bayan gida in je in yi ta yunƙuri ba abin da ke fita sai majina da ɗigon jini, jikina ya yi ɗumi, ɗana na biyu ma ya fara. Kwana huɗu ina jan ƙafa, har sai da maiɗakina ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, madara ba ta sa jini, kai da bakinka ka gaya mini. Ka tashi mu tafi." Aka duba bayan gidan a madubin likita aka ce atuni ne na wata ƙwayar cuta da ake kira amiba. Maganin da aka rubuta mini shi ne Flagyl ɗin nan da na sha a banza shekara da shekaru, wannan karon kuwa a kan ciwonsa, na shanye shi har ƙarshe na warke.

Bayan atunin sai ga shi ko kindirmo ya fara kumbura ni, hankalina ya tashi na ɗauka furar ma na rabu da ita ke nan. Likita ya ce ciwon da ƙwayar cuta ta jawo yakan goge fatar hanji inda sinadarin yake, sai mutum ya yi makonni ba ya ɗaukar madara kafin wurin ya warke. Haka kuwa aka yi, kafin a gama girbi na koma shan furata. Ya ƙara tuna mini cewa ƙwaryar nono ɗaya tana iya kawo ciwon iri biyu, domin idan an sirka shi da ruwa marar tsabta, ko ba a dafa madarar ba tun farko, ƙwayar cuta na iya shiga, kuma abincin da ya lalace ma yakan sa amai cikin 'yan sa'o'i. Bambancin shi ne wannan yakan kama duk waɗanda suka ci tare, ya yi kwanakinsa ya wuce, nawa kuwa ni kaɗai yake kamawa, kuma duk ranar da na sha sai ya zo.

Abin da ya fi tsorata ni a dukan wannan al'amari ya faru ne a gidan maƙwabcina. Labarina ya bazu a unguwa, sai matarsa ta cire ɗanta mai wata takwas daga nono da ya fara gudawa, wai an ce nono na kawo zawo. Da maiɗakina ta gaya mini ban tsaya sa takalmi ba. Na yi sallama da maigidan na roƙe shi ya sa ta mayar da yaron nono a take, domin gudawar jarirai galibi ta ƙwayar cuta ce, kuma nonon uwa yana cikin abin da ke riƙe ransu. Babu fakitin gishirin asibiti a gidan, don haka muka tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, muka sa ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi kaɗan-kaɗan muna hanya. A asibiti suka ƙara masa ƙwayar zinki ta kwana goma. Yaron yana nan, bana ya fara bin yayyensa makarantar allo.

Har yanzu ina tsayawa wurin mai shayin nan kowace safiya. Da farko ya ji ba daɗi, yana ganin kamar na ce shayinsa ne ba shi da tsabta, sai da na kai masa littafin na nuna masa shafin Asabar ɗin nan, na ce laifin ba na hannunsa ba ne. Yanzu yana hango babur ɗina sai ya tsiyaya mini ruwan bunu da citta da kanumfari, ya ture gwangwanin gefe. Littafin kuwa ba ya hannuna, yana wurin wani abokin aikina da aka gaya wa sau biyu a bana cewa yana da taifod alhali bai yi zazzaɓi ba. Ya ja layi a sauran shafukan, yana kwana na tara, shi kuma wake yake zargi.